Yanka a Bakin Ƙofa

Mushe Mutari ya faɗa mana a aji:
in mutum ya tura ƙyaure da hannun dama,
kada a gan shi daga ciki da na hagu a kai.
Ido ba ya yafiya, in ji shi,
ko da zuciya ta yafe.
Barira muka ɗora wa littafin lura:
ina hula ta karkata, ina shayi ya tsaya a kofi,
wane ƙuda ya sauka, wane ya tashi.
Na ƙarshen wasa ne, amma ta rubuta.

Minti biyu aka ba mu, mabuɗin fim,
kafin suna ya hau allo.
Muka zaɓi Baba Kyari, baduku a lungun Birni,
inda dutse da katanga suka haɗa kafaɗa
har ba ka san wa ya jingina da wa ba.
Ran Talata muka ɗauke shi daga waje:
ya sauka kabu-kabu, jar fata a kafaɗa,
ya tofar da tukar goro, ya dafa ƙyaure,
ƙafar dama ta ɗagu,
sai batir ya mutu.
"Ku komo Alhamis," ya ce,
"ƙofar ba ta zuwa ko'ina."

Alhamis muka iske tabarmi a ƙofar gida,
butoci a jere, maza sun sunkuyar da kai.
Na cusa kyamara cikin mayafi
kamar kayan sata.

Bayan sadakar arba'in Shafi'u ya kira ni,
ɗansa, mai gyaran babur a Zango.
"Rigar tana nan," ya ce. "Ba a wanke ta ba."
Barira ta buɗe littafi, muryarta na rawa:
hula ta kwanta hagu,
fata a kafaɗar dama,
tabon rini kusa da aljihu,
inuwar dutse taki uku daga dokin ƙofa.
Amma rana ta sake hanya cikin kwana arba'in;
muka zauna jiranta kamar masu bin bashi
har ta kawo inuwar inda muka bar ta.
Daga ƙasa na ɗauka, ba fuska,
gefen riga kawai, da ƙafa tana sauka.

Dare biyu ina gaban kwamfuta,
wuta na zuwa tana komawa.
Sakan guda, hoto ashirin da biyar.
Na cire biyu, ya yi tsalle.
Na mayar da ɗaya, ya yi ɗingishi.
Can wajen asalatu ya zauna:
uba ya ɗaga ƙafa,
ɗa ya sauke ta.
Tsakaninsu babu ko faɗin gashi,
nan na tura likkafani, da makara,
da kwana arba'in na gumba da addu'a,
na rufe, ban bar bakin zare ba.

Mushe ya kalla sau biyu, ya gyara tabarau.
"Wannan shi ne ɗinki. Wa ya ga inda allura ta bi?"
Sha bakwai bisa ashirin.
Aji ya yi tafi. Barira ta fita waje.

Da marece na kai wa Inna Falmata a waya.
Ta riƙe ta nesa da ido, kamar mai duba tsaba.
Ya sauka, ya tofar, ya dafa, ya shiga.
"Wanda ya shigo ba shi ba ne," ta ce.
"Shi sai ya ɗan tsaya a dokin ƙofa,
ya yi gyaran murya, don in san ya iso."
Na buɗe baki in ba ta haƙuri.
Ta ce, "Mayar mini baya.
Kaɗan. Kaɗan kuma. Yauwa,
nan, inda ƙafar take sama.
Bar shi nan."